Daga Lacca Sai Shago: Wa Muka Bar wa Ƙungiyoyin Ɗalibai?

Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zo, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka samu gurbi bana, akwai masu ƙanne da masu 'ya'ya, akwai iyayen gida da yaransu na shago za su fara zuwa CAS ta titin Airport, ko Poly, ko Legal, ko Sa'adatu Rimi can Kumbotso. Shi ya sa rubutun wannan makon ya faɗa kan wata nasiha da ake yi wa kusan kowane sabon ɗalibi a unguwanninmu, ana ganin an yi masa gata: "Ka je ka yi karatunka ka dawo gida, ban da shiga ƙungiya." Mu dai a ganinmu nasihar nan cuta ce, kuma ta daɗe tana cin mu.

Ku dubi yadda ɗan Fagge yake karatun kwaleji. Da safe ya buɗe shago a Kwari ko ya leƙa Wapa, wajen ƙarfe goma ya tari adaidaita ya tafi lacca, malam na rufe littafi ya fito a guje saboda maigida na jira, kaya sun iso. Shekara biyu ko uku a haka. Ya karɓi difloma ko NCE bai san sunan mutum goma a ajinsu ba, bai taɓa tsayawa gaban mutum ashirin ya yi bayanin minti biyar ba, bai taɓa rubuta wasiƙar neman izinin komai ba. Takwaransa na Sabon Gari shi ma haka: lacca, shagon babansa a France Road, gida. Makaranta ta zama mana kamar banki, a bi layi, a karɓi abin da aka zo nema, a kama gaba.

Ba wanda yake zagin neman halak. Mun san da yawa daga cikin yaran nan da kuɗin shagon suke biyan kuɗin makarantar, wasu ma har cefanen gida. Amma awa biyu a mako ba ta rufe shago. Yaron da ake cewa ba shi da lokacin taron ƙungiyar muhawara, shi ne za ka gani a gidan kallon ƙwallo ranar Talata da Laraba da Asabar da Lahadi, yana muhawarar da ta fi ta makaranta zafi, a kan Arsenal.

Abin da ake koya a ƙungiya malami ba ya rubuta shi a allo. Wanda aka naɗa sakatare dole ya koyi sauraron mutum bakwai suna gardama, ya fitar da abin da aka cimma a layi uku, ya karanta a taro na gaba a ce masa ba haka aka ce ba, ya gyara. Ma'aji dole ya riƙe kuɗin da ba nasa ba, ya yanka rasit, ya tsaya a ƙarshen zango ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, ana yi masa tambayoyin rainin hankali yana haƙuri. Wanda aka aika neman ɗakin taro zai san yadda ake shiga ofis, wa ake fara gaisarwa, wace takarda ake kaiwa, sau nawa ake komawa. Duk wannan shi ake nema ranar ganawar ɗaukar aiki, shi ake nema ranar da kwastan suka riƙe maka kaya, ko ranar da 'yan layinku a kasuwa suka ce kai mai boko, kai za ka yi mana magana da hukuma. Ranar ce za ka ga mai difloma yana haɗiyar yawu, harshe ya ƙi motsi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga kuma masu horon agaji, irin su Red Cross da Man O' War. Mu da muke zaune tsakanin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari ba ma buƙatar a ba mu labarin gobara. Wadda aka yi a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 har yau akwai waɗanda ba su farfaɗo ba. Kullum kuma ana haɗari a Katsina Road da Murtala Muhammad Way. Me muke yi in mutum ya faɗi? A taru a kansa, a toshe masa iska, wani ya kwara masa ruwa, wani ya ja shi ta hannun da ya karye, saura kuma su ɗaga waya suna ɗauka. Mutum ɗaya da ya san yadda ake danne jini da yadda ake kwantar da wanda ya suma ya fi taron nan duka amfani, kuma a 'yan makonni ake koyon abin, kusan kyauta.

Masu ganin ƙungiyar matasa wasan yara ne, su tuna daga ina manyan abubuwan ƙasar nan suka taso. A farkon shekarun 1940 wani zauren tattaunawa ne a Bauchi ya haɗa Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, malaman makaranta da ma'aikata suna zama suna gardama kan mulkin En'e. Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas ne kacal suka kafa NEPU a garin nan, cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, akwai kuma Bello Ijumu, Bayaraben ƙasar Kabba. Ku riƙe wannan sunan na ƙarshe, za mu dawo kansa. Ita kanta harkar fim da yau take ciyar da dubban mutane, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990. Babu wanda ya fara da ofis ko mota. Benci ne, da kuɗin taro, da littafin rubuta sunaye.

To, mu zo kan abin da ya fi damun mu. Tsakanin Fagge da Sabon Gari tafiyar ƙafa ce, ƙaramar hukumarmu ɗaya, fiye da shekara ɗari muna maƙwabtaka. Amma sanin da muka yi wa juna na ciniki ne: nawa ne, rage mini, ga canjinka. Mun san kuma abin da ya faru a kan iyakar nan a watan Mayu na 1953, da Oktoban 1991, da Mayun 2004. Duk lokacin da abu ya tashi, yaran da ke jifan juna ba su san sunan juna ba. Firamare daban muke yi, sakandare ma galibi daban. Kwalejin gwamnati ita ce wuri na farko, ga wasu ma na ƙarshe, da Sani ɗan Fagge da Chinedu ɗan Sabon Gari za su zauna a benci ɗaya shekara biyu. Sai kuma mu ce musu kowa ya yi karatunsa ya koma gida.

Waɗanda suka daure suka shiga ƙungiya ma, ina suke zuwa? Musulmi ya tafi MSS, Kirista ya tafi FCS, sannan kowa ya nemi ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarsu ko jiharsu. Kada a yi mana mummunar fahimta. Ƙungiyoyin addinin nan tun shekarun 1950 suke, sun raini mutanen kirki, suna yi wa ɗalibai bitar darasi kyauta, suna tara wa marar lafiya kuɗin magani. A shige su. Ƙungiyar 'yan gari ita ma tana da ranarta, musamman lokacin neman tallafin karatu. Sai dai duk cikinsu mutanen da ka riga ka sani za ka tarar, masu irin sunanka da irin addu'arka. Wanda ya tsaya a nan kawai, unguwarsu ya ɗauko ya kai cikin makaranta. Ƙungiyar muhawara, da ta 'yan jarida masu allon labarai, da ta wasan kwaikwayo, da ta sashen karatunku, da ta agaji, su ne wuraren da aiki yake haɗa ka da wanda ba ka zaɓa ba. A can ne za ka yi fushi da mutum saboda ya makara, ba saboda ƙabilarsa ba, ku shirya, ku ci abinci a kwano ɗaya bayan taro, lambarsa ta zauna a wayarka. Ranar da jita-jita ta cika gari, kana da wanda za ka kira ka ce, me ake ciki a wajenku? Mutanen 1950 ba su ga abin mamaki ba don Bello Ijumu ya zauna cikinsu. Mu jikokinsu masu intanet mu ne muka fi su ƙunci.

Iyaye suna da tsoronsu, kuma ba tsoron banza ba ne: ƙungiyar asiri. Kowa ya ji abin da suka yi a jami'o'in kudu. Ranar 10 ga Yuli 1999 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar Ife da dare suka kashe ɗalibai biyar. Amma a duba wa suka je nema. Cikin waɗanda aka kashe akwai George Iwilade, babban sakataren ƙungiyar ɗaliban jami'ar, wanda ya tsaya musu a wuya. Ƙungiyar fili ce ta tare ta ɓoye. Bambance su kuwa ba wuya: ta gaskiya tana da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, tana da malami uban ƙungiya, tana taro da rana a aji, ƙofa a buɗe. Wadda ta ce ka zo da dare, kada ka faɗa wa kowa, ka yi rantsuwa, wannan ko yaro ya san ta. Kuma yaron da ba shi da kowa a makaranta, mai yawo shi kaɗai, shi ya fi sauƙin farauta.

Maganar 'yan mata ma haka. Taron ƙarfe biyu na rana a cikin aji, gaban malama, bai fi tsayuwar bakin titi jiran adaidaita haɗari ba. Yarinyar da za ta zama malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, a ce ba ta taɓa buɗe baki gaban jama'a ba sai ranar da aka tura ta koyarwar gwaji, an zalunce ta.

Hujja mai ƙarfi da masu ƙin ƙungiya suke da ita ɗaya ce, kuma sun fi mu gaskiya a kanta: 'yan kwamared. Kun san su. Babbar riga a jiki ranar Litinin, fayil a hammata, kati mai muƙami uku. Ƙungiyarsu ba ta da taro, ba ta da littafin kuɗi, ba ta da zaɓe, sai takarda mai tambari da allon karramawa da aka buga a kan bashi. Yau a kai wa Honorabul lambar yabo ta "gwarzon matasa", gobe a kai wa abokin hamayyarsa irinta, a ɗauki hoto, a karɓi ambulan, a raba a bayan mota, a yi faɗa a kan rabon. Wasunsu sun shekara bakwai a kwas ɗin shekara biyu, don in sun gama ɗalibta sana'a ta ƙare. Sunan da suke ci da shi kuwa da jini aka same shi. A 1978, lokacin da ɗalibai suka tashi kan ƙarin kuɗin abinci da masauki, boren da ake kira Ali Must Go, an kashe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. Wannan gadon ne aka mayar abin bara a ƙofar gidajen 'yan siyasa.

Amma wa ya bar musu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zaɓen da ɗalibi dubu ke da ƙuri'a, mutum arba'in suka zo, talatin abokan ɗan takara ne. Masu hankali, masu tarbiyya, masu tsoron Allah, duk mun ce musu su koma shago. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma kada mu yaudari kanmu cewa abin a makaranta zai tsaya. Kwamared ɗin yau shi ne mai ba da shawara na musamman gobe, jibi kansila, gata ɗan majalisa. Yaron da ya koyi cinye kuɗin rigar ƙungiya ba wanda ya tambaye shi, shi za a miƙa wa kuɗin magudanar ruwan unguwarku. Sannan mu zo nan zauren mu cika shafi da Allah ya isa.

Maganinsu ba zagi a Facebook ba ne, sun saba, suna ma jin daɗi. Abin da ba sa so shi ne mutum goma sha biyar masu biyan kuɗin ƙungiya su zauna a layin gaba, ɗaya ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, shugaba, a karanta mana bayanin taron da ya wuce, a nuna mana rasit, a faɗa mana ranar zaɓe. 'Yan Fagge fa lissafi a jininmu yake. Yaron da zai iya gano yadi biyu sun ɓace a dila guda, ba za a ce ya kasa gano inda dubu hamsin ta ƙungiya ta shiga ba. 'Yan uwanmu na Sabon Gari kuwa sun tashi suna ganin iyayensu a taron 'yan garinsu, da tarar makara, da littafin ma'aji da ake karantawa a bainar jama'a. A haɗa waɗannan biyun a ƙungiya ɗaya a ga ko ambulan zai yi kwana.

Saboda haka, ƙannenmu masu shiga bana: makon rajista za ku ga tebura da alluna ana kiran ku. Kada ku wuce, kada kuma ku rubuta suna a ko'ina. Ku tambayi yaushe suka yi taro na ƙarshe, me suka yi a zangon da ya wuce wanda ido zai gani, wane malami ne uban ƙungiyar. In amsar ta zama "mun kai ziyarar ban girma", ku yi gaba. Ku shiga ta addininku in kuna so, sannan ku ƙara guda ɗaya wadda za ku tarar da wanda sunansa bai yi kama da naku ba. Biyu sun isa. Mai ƙungiya shida shi ma hanyar kwamared ya kama.

Ku kuma Alhazanmu na Kwari da Wapa da Singa da ke cikin zauren nan, mun san kuna karantawa ko ba ku tanka ba. Yaron nan da kuka amince wa da makullin shago, ku ba shi yamma ɗaya a mako, ku biya masa kuɗin ƙungiyar, bai kai kuɗin katin wayar da kuke sa wa a rana ba. Ƙarshen zango ku ce ya kawo rasit ɗin ku gani.