Talaucin Arewa: al'ada ce ta ja mana, ko tsarin da aka ɗora mu a kai?



Duk sanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta saki alƙaluman talauci, musun da ke biyo baya iri ɗaya ne. Bincikenta na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna cikin talauci, amma a Sakkwato adadin ya kusa kashi 88, a Jigawa 87, a Legas kuwa ko kashi 5 bai cika ba. A 2022 ta sake auna talauci ta fuskar ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, ta ce mutum miliyan 133 abin ya shafa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa. Kafin a gama karanta alƙaluman, amsa ta riga ta fito a shirye: al'adarmu ce. Na waje su ce mu ci-ma-zaune ne. Na gida su ce mun fake da ƙaddara, mun ƙi boko, mun iya haihuwa ba mu iya reno ba. Mu ma masu rubutu mukan kwashi wannan amsa yadda take mu zuba a muƙala ko a bakin wani tauraron labari, don tana da daɗin faɗi kuma ba ta buƙatar bincike.

Ni dai ba ta gamsar da ni. Al'adar da ake zargi ta daɗe, tazarar da ake kuka da ita kuwa ba ta kai ta daɗewa ba. Ta yaya abin da yake nan tun muna gaba zai zama shi kaɗai ne dalilin komawarmu baya?

A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano, ya rubuta abin da ya gani: gari mai saƙa da rini, wanda tufafinsa ke kaiwa Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. A lokacin fatake na kora jakuna har Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau, su kai kanwa da tufa su dawo da goro, tafiyar watanni. Ku tsaya ku yi tunanin abin da irin wannan fatauci yake buƙata. Babu banki, babu waya, babu kotu ɗaya da hukuncinta ya game hanyar. Abin da ya riƙe shi shi ne tsarin fatoma, wato mai masaukin baƙi: shi zai sauke ka, ya adana maka kaya, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka idan an ɗauki kayanka bashi. In ya ci amana sau ɗaya, labari ya bi ayari, kasuwarsa ta mutu. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 a kan yadda Hausawa ke sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi ba tare da takarda ba, kuɗin kuma su fito, saboda wannan tsari na masu gida. Wannan ma al'ada ce, kuma ita ce bankinmu da kotunmu na kasuwanci a lokacin.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke sa rai za a yi ta lodi zuwa masaƙun Ingila. Manoma da 'yan kasuwar Kano suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta, suka juya gare ta cikin ɗan lokaci. Alhassan Ɗantata, wanda da fataucin goro ya fara, ya shiga gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Mutanen da suka karanci kasuwar duniya da wannan sauri, a ce lalaci ne a jininsu? Ruwa ba ya tsami banza, sai dai a nemi abin da ya shiga cikinsa.

Abu na farko da ya shiga shi ne yadda aka raba makaranta. A Legas an buɗe makarantar sakandare ta mishan tun 1859. A Arewa sai 1909 Hans Vischer, wanda muke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920. Bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, aka taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. Iyayenmu suna da hujjar gudun makarantar da ke haɗe da coci, ban ga laifinsu a nan ba. Laifin yana wurin gwamnatin da ta hana waccan ba ta gina madadinta da yawa ba. 'Yan makarantun da ta gina, don samar wa En'e malamai da ma'aikata ne, galibi daga gidajen sarauta da na manya. Mulki ta hannun sarakuna yana da araha, kuma Turawa sun ga yadda 'yan boko a Legas suka fara ɗaga musu murya, ba su son a maimaita. Da Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, a kan harsashin kusan shekara ɗari ya ɗora. Mu kuwa da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya zo a 1976, wurare da yawa ko malaman da za su shiga aji babu.

Mai cewa addini ne ya hana mu, ya dubi Musulmin Yarbawa. Su ma sun ga 'ya'yansu na shiga makarantar mishan suna fitowa da wani suna. Sai suka kafa ƙungiyar Ansaruddin a Legas a 1923, suka riƙa gina makarantun boko nasu inda yaro zai koyi lissafi da Turanci bai bar sallarsa ba. Alƙibla ɗaya muke kallo da su. Bambancin shi ne su suna zaune a garin da takardar makaranta ke kawo aiki a tashar jirgin ruwa da ofis da kamfani, suna gani da idonsu, kuma babu wanda ya hana su haɗa ƙungiya su yi abin da suka ga dama.

Mai cewa kuma halin Bahaushe ne, ya leƙa Gana. Arewacinta ya fi kudancinta talauci nesa ba kusa ba, alhali mazaunansa Dagomba ne da Frafra da Dagaba da wasunsu, da Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Abin da ya haɗa mu da su shi ne matsayin da mulkin mallaka ya ba yankin. An ɗauke shi rumbun 'yan ƙwadago masu gangarawa gonakin koko da ramukan zinariya na kudu. Layin dogo ya tsaya a Kumasi. A gaɓar teku akwai sakandare tun 1876, Tamale kuwa sai 1951 ta samu tata ta farko. Harsuna daban, al'adu daban, tazara iri ɗaya. Nisa daga teku da ƙarancin ruwan sama suna da nasu kason, ban musa ba, amma nisa ba shi ke hana a gina aji ba.

Abu na biyu shi ne inda ribar manomi ta riƙa tafiya. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumar cinikin amfanin gona ce ke yanke farashin gyaɗa da auduga, ta saya ƙasa da farashin duniya ta riƙe rarar. An yi ayyuka da kuɗin, masaƙar Kaduna ta 1957 na cikinsu. Sai dai shekara da shekaru manomin da ya tara dalar gyaɗa bai samu rarar da zai sayi garma ko ya haƙa rijiya ba. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo a 1975, ba shi da abin da zai jingina da shi. A daidai lokacin ne kuɗin fetur ya buɗe. Nan ne a ganina aka yi babbar asarar da ba a cika magana a kanta ba. Gwamnatin da ke rayuwa da gyaɗar manomi, ko don kanta, dole ta damu da damina da iri da hanya. Gwamnatin da kasonta ke zuwa daga asusun tarayya kowane wata, ko an yi noma ko ba a yi ba albashi zai fita. Da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979, talaka ya huta da wulaƙanci na gaske, kuma ya cancanci hutun. Amma igiyar da ta ɗaure aljihun mai mulki da gonar talaka ta riga ta tsinke, ba a kuma ƙulla wata ba.

To shi ke nan al'ada ta fita? A'a. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Italiya ta ba da misali mai kyau a nan. A 1970 ta kafa gwamnatocin yankuna da doka iri ɗaya da iko iri ɗaya. Wani masani Ba'amurke, Robert Putnam, ya bi su kusan shekara 20, ya fitar da sakamako a 1993: na arewa suna aiki, na kudu da yawa suna tafiyar hawainiya. Ya danganta abin da yawan ƙungiyoyin sa kai da yarda da juna a arewa. Ke nan doka ɗaya kan ba da 'ya'ya daban gwargwadon ƙasar da aka shuka ta. Amma da ya bi asalin wannan yarda, sai ya kai ga biranen arewa da suka yi ɗaruruwan shekaru suna mulkin kansu, kudu kuma tana ƙarƙashin sarauta mai ƙarfi da manyan masu filaye. Wato halin da ake gani yau sawun tsarin jiya ne.

Haka nake kallon namu. Uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta a 1930 yana da dalili. Jikansa da ya ƙi a yau, wani ɓangare gado ne, wani ɓangare kuma lissafi: ya ga aji mai yara fiye da ɗari, ya ga ɗan maƙwabci ya gama sakandare bai iya rubuta wasiƙa ba, ya ga mai digiri na tuƙa Keke Napep. In ka kira wannan al'ada ka yi shiru, ka wanke wanda aka ba kuɗin gina ajin. In kuma ka ce duk laifin gwamnati ne, ka wanke uban da makaranta mai kyau ke bakin ƙofarsa amma ya cire 'yarsa a aji uku ya ɗora mata talla. Dukansu suna nan, sau da yawa a layi ɗaya.

Shi ya sa kalmar al'ada a dunƙule ba ta da amfani ga mai rubutu. A warware ta a fito da ƙa'idar da ake nufi, wadda za a iya nunawa da yatsa. Ga guda ɗaya da ta daɗe tana damuna. A kasuwannin Inyamurai, yaro kan shiga hannun ubangida da wa'adi sananne, shekara kaza, iyaye da dangi sun shaida. In ya cika, ubangida ya sallame shi da jari ya buɗe nasa, shi ma ya ɗauko wani. Shago ɗaya kan haifi shaguna goma. A namu kasuwannin akwai masu gida na kirki da ke yaye yaransu, har su yi musu aure su ba su jari. Amma alheri ne, ba wajibi ba, kuma ba ranar da aka sa. Sai ka ga mutum da furfura ana ce masa yaron Alhaji, shekara 20 yana buɗe shago yana rufewa. Ranar da Alhaji ya faɗi, magada su zo, shi ya fita da rigar jikinsa. Shagon ma sau da yawa ba ya kai shekara biyu, don an sayar an raba kuɗin, alhali ana iya mayar da shi kamfani kowane magaji ya riƙe kasonsa na shari'a cikin hannun jari, ciniki ya ci gaba.

Wannan ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Kantin Kwari da Singa da Dawanau suna sasanta rikicin bashi, suna hukunta wanda ya karya ƙa'idar kasuwa, ana kuma jin maganarsu. Da za su zauna da malamai su tsayar da wa'adin zaman yaro a shago, da mafi ƙarancin abin sallama, a rubuta a gaban shaidu tun ranar da uba ya kawo ɗansa, cikin shekara goma za a ga sababbin shaguna da sunayen waɗanda yau suke ɗaukar dila. Wanda yake da ɗan uwa a cikin shugabannin kasuwa, ya tambaye shi me ya hana.