Hannu Da Yawa Da Darasin Fadamar Haɗejiya

Masu iya magana sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. To, amma masu rubuta manhajar kwamfuta sun gano cewa wannan magana tana da sharaɗi. A yau mutum ɗaya yakan saki wakilai uku ko huɗu na ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ke rubuta umarnin kwamfuta da kansu, su yi aiki a lokaci guda. Idan aka tara su a kan fayil ɗaya, sai wannan ya shafe abin da wancan ya rubuta, aikin yini ya lalace, a rasa mai laifi.

Mutanen fadamar Haɗejiya sun daɗe da sanin irin wannan matsala. Ƙasa ɗaya ce, amma masunta da manoma da makiyaya duk a kanta suka dogara. Abin da ke hana rigima shi ne rabo: gona da iyakarta, garke da burtalinsa, kuma ba a shigar da shanu sai an kwashe amfani. Haka ya kamata a yi wa waɗannan wakilai. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, tana ba da damar a yanka wa kowane wakili reshensa da wurin aikinsa, kada wani ya taka na wani.

Sai dai iyaka kaɗai ba ta isa ba. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Babu wanda ya shiga gonar manomin Haɗejiya, amma kogin da yake sha aka taɓa tun daga sama. Hakazalika, wakili yana iya sauya tsarin rumbun bayanai da kowa ke amfani da shi, aikin sauran ya rushe alhali bai taɓa fayilolinsu ba.

Saboda haka wajibi ne a tantance abin da aka yi tarayya a kansa tun kafin a raba aiki, a danƙa shi ga wakili ɗaya. Sannan a riƙa haɗa rassan ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa, ɗan Adam yana dubawa. Wanda ba zai iya duba aikin wakilai huɗu ba, gara ya tsaya a kan biyu.