Daga Jami'a: Gurbi Uku da Na Bari Babu Komai

Yau labarin aikin da na samu a sashenmu na Saikoloji zan ba ku, wato ilimin halayyar ɗan Adam.

Tun da na fara wannan karatu, duk wanda ya ji sai ya ce, "To faɗa min abin da ke raina yanzu." Ba duba muke yi ba. Yawancin aikinmu awo ne. Ɗakin bincike na farko a wannan fanni wani Bajamushe ne, Wilhelm Wundt, ya buɗe shi a birnin Laifzig a 1879, kuma cikin abubuwan da suke aunawa har da tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya motsa idan ya ji ƙara. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen Saikoloji a 1964.

Ina aji biyu na ji cewa malamar da ke koyar da mu hanyoyin bincike tana neman ɗaliban da za su taya ta aiki. Sau uku ina zuwa ofishinta ban same ta ba. A na huɗu, da na gaishe ta na faɗi abin da ya kawo ni, tambaya biyu ta yi min: "Ka iya aiki da Excel? Idan ka ce ƙarfe takwas, ƙarfe takwas ɗin kake zuwa?" Na ce, "Malama, na farkon zan koya, na biyun kuma a gwada ni." Ta yi murmushi ta ce in zo ranar Litinin.

Na je ina zaton zan ga manyan na'urori. Abin da na tarar tebur biyu ne, da kwamfuta ɗaya, da kabad cike da takardu. Babu albashi. Aikina shi ne in karanta wa wanda ya zo takardar amincewa, in tabbatar ya san yana iya tashi ya tafi duk lokacin da ya ga dama, in rubuta masa lamba a madadin sunansa don sirrinsa ya tsira, sannan in auna lokaci.

Gwajin da muke yi wani Ba'amurke ne, John Ridley Stroop, ya wallafa shi a 1935. Za a rubuta kalmar "ja" da koriyar tawada, a rubuta "shuɗi" da jar tawada, haka dai har shafi ya cika. Sai a ce ka faɗi launin tawadar, ka bar kalmar. Ji yake kamar wasa, amma harshe sai ya riƙa sarƙewa, domin wanda ya saba da karatu idonsa na sauka kan kalma ya riga ya karanta ta, ko bai so ba.

Wata Laraba na gwada mutum goma sha biyu. Da yamma ina shigar da sakamako sai na ga gurbi uku babu komai. Hira ta ɗauke min hankali, na manta ban danna agogo ba. Gabana ya faɗi. Mako uku kacal da fara aikin, ga shi na yi ɓarna. Zuciyata ta ce, "Ai sauran duk lambobinsu kusa suke da juna, rubuta makamancinsu kawai. Wa zai sani?" Na ɗora yatsa a kan madannin kwamfuta, na daɗe a haka. Daga ƙarshe na rufe ta na tafi hostel, na kwana ina juyi.

Washegari na je na ce, "Malama, na yi kuskure." Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Bar guraben yadda suke, ka rubuta dalili a gefe. Gurbin da babu komai na san yadda zan yi da shi. Lambar ƙarya kuwa ba ni da hanyar gane ta, sai in wallafa ta, wani ya karanta ya ɗora nasa aikin a kai." Ba ta kore ni ba. Bayan wata ɗaya ma ni ta ba makullin kabad ɗin.

A ranar na gane cewa abin da na kusa yi ƙanen satar amsa ne, sai dai wannan ɓarnarsa ba ta tsaya a kan mai yi ba. Wanda ya saba leƙa takardar maƙwabcinsa a SS2, hannunsa ba zai yi nauyi ba ranar da aka ba shi amanar lambobi.

Duk mai sha'awar wannan fanni a cikinku, kada ya guji Lissafi, domin kullum muna tare da ƙididdiga. Ku riƙe Turanci da Bayoloji, ku duba kundin JAMB ku ga abin da kowace jami'a ke buƙata. Idan kun shiga, kada ku jira a kira ku. Ku ƙwanƙwasa ƙofar malami cikin ladabi, ko da sau huɗu ne.

Ga aikin gida. Ku samo biro ja da shuɗi da baƙi da kore, ku rubuta sunayen launuka ashirin, kowanne da tawadar da ba tasa ba. Ku gwada abokinku, sannan ku gwada ƙaninku da ya san launuka amma bai fara karatu ba, ku ga wa kalmomin za su fi rikitawa. Ku rubuta abin da agogo ya nuna, ba abin da kuke so ya nuna ba. Idan kun manta ba ku danna ba, kun san abin yi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.