Zaure ma Aji Ne: Darasi daga Sifaniya zuwa Gumel

Ɗaliban da ke zuwa Salamanka koyon Sifaniyanci sukan sauka a gidajen iyalai, su ci abinci tare da masu gida, su zauna hirar bayan abinci da ake kira sobremesa. A irin wannan hira harshe ke zama a bakinsu.

Tsarin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis, fatake sukan sauka hannun fatoma, ya ba su makwanci, ya kuma tsaya musu wajen ciniki. Irin wannan dangantaka Abner Cohen ya bayyana a unguwar Sabo ta Ibadan a 1969.

Ya kamata sassan Hausa, har da na Kwalejin Ilimi ta Gumel, su riƙa sauke masu koyon harshen a gidaje. Sai dai baƙo namiji a zaure yake tsayawa, alhali tatsuniya da habaicin kishiyoyi suna cikin gida, inda ɗaliba ce kaɗai za ta ji su. Duk tsarin da bai tanadi masauki ga mata ba, rabin Hausa zai koyar.