Bututun ruwa: Darasin da birnin Flint ya bar wa masu shimfiɗa famfo

A watan Oktoban 2024 ne Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta bai wa hukumomin samar da ruwan sha na ƙasar wa'adin shekara 10 su tone bututan dalma da suka rage a ƙasa. Tun 1986 aka haramta shimfiɗa sababbi, amma miliyoyin tsofaffi suka ci gaba da kai ruwa gidaje.

Abin da ya faru a Flint ta jihar Michigan na cikin dalilan wannan mataki. A Afrilun 2014, don rage kashe kuɗi, mahukunta suka daina sayen ruwa daga Detroit, suka koma Kogin Flint ba tare da zuba sinadarin da ke hana ruwa cin ƙarfe ba. Ruwan ya kankare ɓawon da ya lulluɓe cikin bututan, gubar dalma ta shiga jinin yara. Daga baya aka amince da diyyar dala miliyan 626. Araha dai ba ta ado.

Darasin shi ne, ba a zaɓen bututu kafin a san halin ruwan da zai bi ta ciki, domin kowane ƙarfe da abokin gabarsa. Jan ƙarfe, wanda da shi aka maye gurbin dalma a Flint, yana daɗewa, sai dai yana da tsada kuma ruwa mai tsami na cinye shi. Bututun GI, wato ƙarfen da aka yi wa rufin zinki, ya fi sauƙin kuɗi, amma da zarar rufin ya zaizaye sai tsatsa ta toshe shi, ruwa ya koma ja. Manyan layuka kuwa an fi yi musu ƙarfen zubi mai ƙwari da ake shafe cikinsa da siminti.

A garuruwanmu inda famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, matsalar ta ninka: iska na shiga bututu ta hanzarta tsatsa, kuma idan ya huje a cikin kwata, ƙazanta na iya kutsawa lokacin da babu ruwa.

Don haka kafin gwamnati ta ba da kwangilar famfo, ya kamata jama'a su tambaya: an gwada ruwan? Wane irin bututu za a binne, kuma shekara nawa zai yi?