Ra'ayi: Kwana uku a tsibirin Farasan ba almubazzaranci ba ne

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Utaiƙa da ke kudancin birnin Riyadh a watannin Afrilu da Mayu, ya san lokacin da mangwaron Jizan yake sauka, domin tun kafin mutum ya isa rumfunan 'ya'yan itace ƙamshinsa zai tarye shi. A wannan kasuwa ce na gamu da wani dattijo Bakano, direba, wanda ya shafe shekaru goma sha tara yana aiki a Saudi Arabiya. Bayan mun gaisa, hira ta kai mu ga inda mangwaron yake fitowa, sai na shaida masa cewa ina shirin kai iyalina can idan sanyi ya shigo, mu ƙetara zuwa tsibirin Farasan mu yi kwana uku. Ya dube ni da kyau, sa'an nan ya ce: "Malam, hutu kuma? Ai mu nema ne ya kawo mu. Wanda ya zo ci-rani ba ya zuwa kallon ruwa."

Na girmama maganar Alhaji, amma ban yarda da ita ba, kuma ina ganin ya kamata a tattauna ta a fili, saboda ba shi kaɗai ne mai wannan ra'ayi ba. A tsakanin Hausawa mazauna Riyadh, daga malaman jami'a da likitoci har zuwa direbobi da teloli, kalmar hutu ma'ana biyu kawai take da ita: ko dai zuwa gida, ko kuwa zuwa Umra. Umra ibada ce, ba kuwa mai jayayya da falalarta. Zuwa gida wajibi ne na zumunci. To, amma duk wanda ya taɓa sauka a Kano ko Yamai da akwatuna huɗu na tsaraba, ya kwashe makonni uku yana zagayen gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, yana sauraren ƙarar 'yan uwa a kan gado da gona, ya san cewa a gajiye yake komawa bakin aiki, aljihunsa kuma wayam.

Dokar ƙwadago ta Saudi Arabiya ta bai wa ma'aikaci hutun kwana 21 a shekara, ya koma kwana 30 idan ya cika shekaru biyar a wuri guda. Yawancinmu tara kwanakin nan muke yi kamar yadda ake tara adashi, ba ma taɓa ko ɗaya, har sai ranar tafiya gida ta zo. A tsakanin tafiya da tafiya kuwa, wato shekara guda ko biyu, babu abin da yaranmu suke gani illa bangon gida, da motar makaranta, da manyan kantuna. Yaro ya girma a ƙasar da ke tsakanin tekuna biyu, amma bai taɓa tsoma ƙafarsa a ruwan gishiri ba.

Farasan dai rukunin tsibirai ne a Bahar Maliya, a kusurwar kudu maso yammacin ƙasar, kimanin kilomita 50 daga birnin Jizan. Garin da ke kan babban tsibirin ƙarami ne, mutanen gundumar baki ɗaya ba su kai dubu ashirin ba, kuma sana'ar da aka san su da ita tun kakanni ita ce su. Babu dogayen benaye, babu cunkoson motoci irin na titin Sarki Fahd. Abin da ya fi muhimmanci ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne, jirgin ruwan da ke fito tsakanin Jizan da Farasan kyauta ne, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa, yana ɗaukar mutane har da motocinsu, kuma tafiyar ba ta wuce sa'a guda da 'yan mintoci ba. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya kama gurbi tun da wuri da katin iƙamarsa, musamman idan da mota zai ƙetara, domin guraben motoci su ne suke fara cika.

Bugu da ƙari, tafiya ce ta cikin gida, saboda haka ba ta bukatar bizar fita da dawowa, wadda mafi arharta Riyal 200 ce a kan kowane mutum. Tun da aka mai da hutun ƙarshen mako ya koma Juma'a da Asabar a shekarar 2013, lissafin ya zama mai sauƙi: a tashi daga Riyadh ranar Alhamis da yamma a jirgin sama, tafiyar kusan sa'o'i biyu, a kwana a Jizan, a shiga jirgin ruwan safe ranar Juma'a, a juyo ranar Lahadi. Kwana ɗaya tak mutum ya ciro daga cikin hutunsa na shekara. Mai son tafiya a mota ya sani cewa hanyar ta haura kilomita dubu, kuma babu jirgin ƙasa da ke zuwa can, don haka sai ya ƙara kwana biyu a lissafinsa.

Lokacin tafiyar shi ne abin da ba a wasa da shi. Zafin Riyadh busasshe ne, kamar na Sakkwato a watan Afrilu. Na gaɓar Jizan kuwa zafi ne mai ɗauke da laima, wanda ke jiƙa riga kafin mutum ya kai bakin titi. Daga Nuwamba zuwa Maris ne iskar wurin take daɗi. Hutun Ranar Kafuwar Ƙasa, 22 ga Fabrairu, wanda aka fara yi a 2022, ya faɗo daidai wannan lokaci. Na Ranar Ƙasa kuwa, 23 ga Satumba, ban ba kowa shawarar ya kai yara can a cikinsa ba.

Me mutum zai gani idan ya je? Da farko dai akwai gaɓar teku mai farin yashi da ruwa garau, inda yara za su yi wasa ba tare da an biya ko sisin kwabo ba. Akwai kurmin itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, wanda ake shiga da ƙaramin kwalekwale, akwai kuma barewar Farasan da hukuma ke karewa. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya tsibiran cikin jerin wuraren da ake kiyaye halittunsu, kuma su ne na farko a Saudi Arabiya da suka shiga wannan jeri. A ƙarshen watan Afrilu na kowace shekara, wani kifi da ake kira harid, mai baki kamar na aku, yakan taru a wata gaɓa mara zurfi, mutanen gari su yi masa ƙawanya su faɗa ruwa gaba ɗaya suna kamu. Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, zai ji kamar a gida yake, sai dai a lokacin zafi ya riga ya kankama.

Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne tarihin da ke kwance a wannan ɗan ƙaramin gari. Kafin man fetur, arzikin Farasan lu'ulu'u ne. Masu nutso suna shiga ƙarƙashin teku su ɗebo, fatake kuma su kai shi Indiya da sauran ƙasashe, su dawo da dukiya da sababbin dabarun gini. Gidan Rifa'i, wanda wani attajirin lu'ulu'u ya gina a farkon shekarun 1920 da duwatsun murjani, yana nan da zanen da aka sassaƙa a jikin bangonsa, zanen da ya tuna mini da adon gidajen Zariya da Damagaram. Masallacin Najdi, da wani attajirin ya gina a shekarar 1347 bayan Hijira, shi ma yana nan ana salla a cikinsa. Sa'an nan a shekarun 1930 Japanawa suka cika kasuwannin duniya da lu'ulu'un da ake kiwonsa a ruwa, sana'ar ta durƙushe, gidajen suka zama abin kallo. Bakanon da ya ga yadda dalar gyaɗa ta ɓace bayan zuwan man fetur, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Tarihin ya ma wuce nan. An gano wani dutse a Farasan mai ɗauke da rubutun Latin na wajen shekarar 144 Miladiyya, wanda ya nuna cewa sojojin daular Rum sun yi sansani a wurin a zamanin sarki Antoninus Pius. A tsibirin Ƙumma da ke kusa, akwai kangon wani gini da Jamusawa suka yi a farkon ƙarni na 20 domin ajiye gawayin jiragen ruwansu. Kuma wannan teku dai ita ce kakanninmu suka ƙetara. Alhazan da suka taso a ƙafa daga ƙasar Hausa da Barno, suna tafe suna noma da ƙodago a Chadi da Sudan har shekaru, daga Sawakin yawancinsu suke shiga jiragen ruwa zuwa Jidda, wasu kuma su gangara Massawa su ƙetara a ƙananan jirage zuwa gaɓar kudu. A filayen Tihama da ke bayan Jizan, har yau ana noma dawa da gero da riɗi, kuma tsofaffin bukkokin yankin masu tsinin kai sun yi kama da na karkararmu. Yaron da aka haifa a Riyadh, wanda Hausarsa ke neman kuɓuce masa, zai fahimci yadda ya zo ƙasar nan idan ya tsaya a bakin wannan ruwa aka ba shi labari, fiye da yadda zai fahimta a falo gaban talbijin.

To, sai dai kuma maganar Alhaji tana da tushe, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Tun watan Yuli na 2017 ake karɓar haraji a kan iyalan baƙin ma'aikata. An fara da Riyal 100 a wata a kan kowane mutum, ya hau har Riyal 400 a 2020. Magidanci mai mata da 'ya'ya uku yana biyan Riyal 1,600 a wata ke nan, wato 19,200 a shekara, kafin a zo maganar haya da kuɗin makaranta. Wannan haraji ne ya sa mutane da yawa suka mai da iyalansu gida. A can gida kuma, tun da aka janye tallafin man fetur aka saki darajar Naira a 2023, saƙonnin neman taimako sun ninka. Duk Riyal ɗin da aka kashe a masauki a Farasan, akwai wanda zai ce da an aika da shi da ya sayi kwanon masara. Wannan gaskiya ce.

Akwai kuma waɗanda wannan shawara ba ta shafe su ba ko kaɗan. 'Yan aikin gida da direbobin gida ba sa ƙarƙashin dokar ƙwadago ta gama-gari. Ƙa'idarsu daban ce, hutun wata guda ne bayan shekaru biyu, kuma sassaucin da aka yi wa tsarin kafili a watan Maris na 2021 bai haɗa da su ba. Waɗanda ba su da takardun zama kuwa, ko tikitin jirgin ba za su iya yanka ba, balle su bi hanyar da ke cike da shingayen bincike zuwa lardin da ke kan iyaka da Yaman. Lardin Jizan ya sha hare-hare a yaƙin da ya ɓarke a 2015, kafin tsagaita wutar watan Afrilu na 2022 ta kawo sauƙi, don haka mai hankali zai saurari labarai kafin ya ɗaura kaya.

Amma ga wanda yake da iƙama da albashi da kwanakin hutu a rubuce, hujjar tsimi ba ta gamsar da ni ba. Na ga mutanen da ke cewa ba su da kuɗin hutu suna sayen sabuwar wayar salula duk shekara, suna kuma cika akwati da turare da atamfa domin kada a ce sun dawo hannu rabbana. Tsarabar mutum guda ta wuce kuɗin kwana biyu a ɗakin haya a Farasan. Abin da ke hana mu, a ganina, kunya ce: kada hoto ya isa gida a ce wane yana can yana shaƙatawa alhali ana fama. Wannan kunya kuwa tana da tsada. Na san abokan aiki biyu da suka yi shekaru suna ɗaga hutu, hawan jini ya kwantar da su, kuɗin da suka tara ya tafi a magani, 'yan uwan da ake tsoron bakinsu kuma suka rasa mai aiko musu gaba ɗaya. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, iyali ma haka, amma mun fi riƙe wannan karatu a baki.

Wani dalilin da ya sa nake ganin kada a jinkirta shi ne, tun da Saudi Arabiya ta buɗe bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019, gaɓar Bahar Maliya take sauyawa. Can arewa, tsakanin Umluj da Wajh, an gina masaukai a kan tsibirai waɗanda kuɗin kwana ɗaya a cikinsu ya fi albashin direba na wata. Farasan ba ta kai nan ba tukuna. Masaukanta kaɗan ne, kuma masu sauƙi. Abinci kifi ne da shinkafa. Garin yakan yi tsit da azahar. Wanda ke neman wuraren wasa na zamani zai yi ƙorafi, gara ya tsaya Jidda. Ya kuma kamata mai zuwa ya tuna cewa garin masunta ne masu riƙo da al'ada, ba a ɗaukar hoton mutane ba da izini ba, ba a kuma barin leda da gwangwani a bakin ruwa.

Na sake gamuwa da Alhaji a Utaiƙa bayan sallar Juma'a makonni biyu da suka wuce. Bai ce ya sauya ra'ayi ba. Ya dai tambaye ni ko da gaske ne jirgin ba a biya, ya kuma tambaya ko akwai masallacin Juma'a a tsibirin. Na ce masa akwai. Ya ce ƙaramin ɗansa yana zuwa Umra daga Kano a watan Janairu, zai yi magana da maigidansa ya gani ko zai ba shi kwana uku.