Madara Ba Ta Wanke Huhu

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Atakpame da Bilita da Sokode da Kara da Mango da Dapaong har ta dangana da Sinkase, ya san ƙarar tsakuwa a kan gilashin mota. Babbar mota ce za ta wuce, tayarta ta harbo ɗan dutse, ka ji ƙas, sai ga tabo kamar tauraro a gaban direba. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta tashar jiragen ruwa ta Lome, manyan motoci suka ƙaru a wannan hanya, tsakuwa ma ta ƙaru. Sabon gilashi tsada gare shi, saboda haka mai mota kan nemi wanda zai tsayar masa da tsagar tun ba ta yi nisa ba. Nan sana'a ta samu, kuma 'ya'yanmu na zango suna cikin masu neman abinci a garejin da ake yin ta, tare da masu fenti da masu gyaran jikin mota.

Sana'a ce ta halal, babu mai ƙyamarta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda muke tura yara cikinta da hannu tsirara da hanci buɗe, sa'an nan idan yamma ta yi a miƙa musu gwangwanin madara a ce su wanke ƙirji. Ra'ayina shi ne lafiyar yaron gareji amana ce a wuyan maigidansa da iyayensa, kuma madara ba ta sauke wannan amana.

Gilashin gaban mota falle biyu ne, da siririyar leda a tsakani wadda ke riƙe su don kada su tarwatse a fuskar mutum. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Edouard Benedictus, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Idan dutse ya fasa fallen waje, mai gyara zai share ramin, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya ɗura wani ruwa mai yauƙi kamar ƙaro, sa'an nan ya haska shi da fitila ta musamman ko ya bar wa hasken rana ya daskarar da shi. Wannan ruwan ƙaro ana haɗa shi ne daga dangin sinadaran da ake kira akirilat. In ya daskare ya zama kamar dutse, haɗarinsa kaɗan ne. Sharrinsa yana nan tun yana ɗanye, wato daidai lokacin da yake kan yatsun yaro. Kuma da yake rana tana daskarar da shi kafin ya gama shiga tsaga, dole a nemi inuwa, inuwar kuwa sau da yawa cikin shago ne mai ƙofa ɗaya.

Jiki yana amsa wa wannan ruwa ta hanya biyu. Ta farko kowa ya san ta: ido ya yi yaji, hanci ya yi ta zuba, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, kai ya sara. Wannan in an fita an sha iska yakan lafa. Ta biyun ce mai wuya. Mutum zai yi watanni, wani lokaci shekaru, yana taɓa ruwan ba abin da ya same shi, rana ɗaya sai jikinsa ya ƙulla gaba da sinadarin. Daga nan ɗigo ɗaya ya isa: kan yatsu ya yi ja, ya yi ƙuraje masu ruwa, ya tsattsage, fatar ido ta kumbura saboda ya shafa ta da hannu. Wannan nau'i ne na borin jiki wanda in ya kama mutum, galibi ya kama shi ke nan har ƙarshen rayuwa. Maganin shafawa yana kwantar da shi, amma da an sake taɓa ruwan sai ya dawo. Kuma dangin wannan sinadari suna cikin abin da likitan haƙori ke cike rami da shi, da abin da ake liƙa ƙashi da shi a wasu ayyukan tiyata, don haka abin da aka ɗauko a gareji yana iya bin mutum har gadon asibiti. Ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwon fata ta ware akirilat a matsayin sinadarin da ya kamata a fi lura da shi a 2012, ta sake ware wani ɗan danginsa a 2020.

Idan gilashin ya wuce gyara aka sa sabo, sai a koma ga baƙin gam da ake liƙa shi da shi a jikin mota. A cikin wannan gam akwai wani sinadari da ake kira izosiyanat. Shi ne kuma ke cikin ruwan da mai fenti ke zubawa a fenti don ya bushe ya yi ƙarfi, kuma can ne ya fi ɓarna, domin fesa shi ake yi ya zama hazo. Yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon asma a wurin aiki a duniya. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta taɓa ƙiyasta cewa mai fesa wa motoci fenti ya fi sauran ma'aikata haɗarin kamuwa da asma kimanin ninki 80. Tarayyar Turai kuwa, daga ranar 24 ga Agusta 2023, ta hana ma'aikaci aiki da kayan da ke ɗauke da shi sai ya sami horo. Makircin wannan sinadari shi ne kafin hanci ya ji warinsa ya riga ya wuce ƙimar da ke cutarwa, kuma sau da yawa ba ya kama mutum a gareji. Sai dare ya raba, yaro yana kan tabarma, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fito. Da safe a ce sanyi ne, ko ƙurar hunturu. Ga kuma ƙullin da ake cike lotsewar jikin mota da shi, mai ɗauke da sitiren, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon ta sa shi a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji.

To, ina madara ta shigo? Al'ada ce da ta bazu a garejin Afirka ta Yamma, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Sai dai hanyar abinci daban, hanyar numfashi daban. Madara ciki take tafiya, tiririn sinadari kuwa huhu ya nufa, babu inda za su haɗu balle ɗaya ya wanke ɗaya. Yaron da ya wuni yana aiki ya sha madara, abinci ne, Allah ya amfana. Illarta ita ce kwanciyar hankalin da take bai wa maigida, ya ga kamar ya biya hakki, alhali ƙofar shago tana nan a rufe.

Kakanninmu ba haka suka riƙe sana'a ba. Maƙeri yakan kafa maƙerarsa a rumfa mai shan iska. Majema unguwa guda ake ware musu. Marinar Ƙofar Mata ta Kano a fili take, ƙarƙashin sama. Da fatake suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja suka kafa zangon Sokode da sauran zangunan ƙasar nan, sun zo da sana'o'insu tare da dokokinsu, kuma yaro yana koyon abin da zai kiyaye a ranar da yake koyon abin da zai yi. Wannan ilimi ya taru ne a hankali, uba ya ba ɗa, shekara da shekaru. Kayan gareji na yau kuwa a kwalba suka zo mana, gargaɗinsu a rubuce da ƙananan baƙaƙe cikin Faransanci ko Turanci ko Sinanci. Mun karɓi aikin, gargaɗin ya tafi bola tare da kwali.

Na san abin da wasu iyayen gida za su ce: mu ma haka muka koya, shekara talatin muna shaƙa, ga mu nan garau. Ba ƙarya suka yi ba, domin ba kowane jiki ne ke ƙulla gaba da sinadari ba. Amma a tambaye su, su nawa suka fara koyo tare, su nawa suka kai ranar yaye? Wanda ƙirjinsa ya gaza ai ba ya gareji balle a ƙirga shi. Ya koma gida Pagala ko wani ƙauye tun a shekara ta biyu, an ce ba shi da haƙuri, an ce raggo ne, kuɗin da iyayensa suka biya ya tafi, takardar kammala koyon sana'a ba ta samu ba, ga tari ya bi shi. Masu cewa ba abin da ya same su, su ne waɗanda suka rage bayan ciwon ya gama tankaɗe.

Wasu kuma za su ce kayan kariya na masu kuɗi ne. Wani ɓangare gaskiya ne. Abin da ya dace da mai fesa fenti mai izosiyanat shi ne abin rufe fuska da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo, kuma ba kowane gareji ke da halinsa ba. Amma mafi yawan abin da ake bukata bai kai kuɗin fentin ƙofa ɗaya ba. Iska kyauta ce: a yi aikin ƙaro a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a bar ƙofofin mota a buɗe lokacin shafa gam. Idan hunturu ya sa an zagaye rumfar fenti da tamfol don gudun ƙura, to wanda ba shi ke fesawa ba ya fita, kuma kada a yi saurin komawa, domin hazon yana daɗewa a iska bayan ido ya daina ganinsa. Safar hannu ta roba irin ta asibiti da aka saba da ita, akirilat yana ratsa ta cikin 'yan mintuna. Wadda ake kira nitiril ta fi ta, ita ma da ta ɓaci a sauya. Takunkumin ƙyalle na zamanin korona ba ya tare tiririn sinadari, sai mai gwangwanin gawayi a gefe, shi ma gawayin yana ƙarewa. Wanke hannu da fetur ko ruwan tsinka fenti yana cinye maiƙon fata ya tsattsaga ta, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabulu da ruwa sun wadatar, musamman kafin a sa hannu a kwanon tuwo. In ruwan ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15 kafin a nufi asibiti. Kuma yaron da aka kawo daga ƙauye kada a ba shi makwanci a ɗakin da ake ajiye gwangwanayen fenti da gam.

Ko wanda bai yi boko ba zai iya karanta hoto. A jikin kwalba a duba ɗan akwati mai jan gefe da ke tsaye a kan kusurwarsa. In akwai alamar motsin rai a ciki, abin yana iya sa fata ƙaiƙayi ko ido yaji ko ya jawo bori. In kuwa hoton mutum ne da wani abu kamar tauraro a ƙirjinsa, to mai taɓa huhu ne ko mai cuta ta dogon lokaci. Koya wa yaro waɗannan hotuna biyu ba ya cin rabin sa'a.

Akwai alama ɗaya da iyaye mata za su fi kowa ganewa. Idan yaro ya zo hutun salla tarinsa ya lafa, hannunsa ya warke, ya koma aiki da mako ɗaya abin ya dawo, to a gareji ciwon yake. A kai shi babban asibitin Sokode ko na Dapaong, a tafi da kwalbar ko hoton takardar jikinta a waya, a faɗa wa likita sana'arsa tun bai tambaya ba. Tun a 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta littafi kan cututtukan masu sana'a, ya hori likitoci su riƙa tambayar majinyaci aikin da yake yi. Asmar wurin aiki in an gano ta da wuri aka raba mutum da abin da ke tayar da ita, tana iya sauƙi ƙwarai. In aka bar ta ta daɗe, takan zauna. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a gwada shi ko na tibi ne.

Mu Hausawa a ƙasar nan 'yan tsiraru ne, gonakinmu kaɗan ne, jarinmu kasuwa da sana'ar hannu. Saurayin da ya rasa numfashi ko yatsu yana ɗan shekara ashirin, gida guda ne ya rasa madogara. Saboda haka ranar da uba zai kai goro ya damƙa ɗansa ga maigida, bayan an yi maganar kuɗi da shekarun koyo, ya tambaya: a ina zai kwana, da me zai rufe hannu, wa zai kai shi asibiti? Tambayar ba rashin kunya ba ce, tun ran gini ran zane. Sarakunan zango da dattawan unguwa su tara masu gareji su yi wannan magana, su kai ta ga majalisun masu sana'ar hannu na jihohi don ta shiga cikin abin da ake koyarwa kafin jarrabawar kammalawa. Masu gareji da ke layi ɗaya su yi adashi su sayi kayan kariya a sari. Mu kuma masu mota mu rage gaggawa, kada mu tsaya kan yaro muna cewa ya yi maza alhali ya tsaya neman safar hannu.

Maigidan kirki ana gane shi ne da yawan yaran da ya yaye suka buɗe nasu wurin da ƙarfinsu. In akwai mai gareji a gidanku ko a unguwarku, ku karanta masa wannan, ku kuma kawo mana abin da ya ce. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a sana'a.